Iskar Lodi

Har yau motar baban yara nake ce mata, ko da yake an jima rabon da hannunsa ya taɓa sitiyarinta. Ƙaramar mota ce mai ƙofa huɗu da but a baya, irin wadda ma'aikatan gwamnati suke saya idan sun gaji da goya iyali a babur. Fara ce a da. Rana da yashin unguwar Arawa sun mayar da ita kalar kunun gyaɗa, kuma ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. Ya saye ta yana aiki a ma'aikatar gona, ni ina koyarwa a firamare, yaranmu huɗu duk suna gabanmu.

Sau biyu muke zuwa gida a shekara, can ƙauyenmu bayan Kaltungo: da Kirsimeti, sai kuma tsakiyar damina idan an yi hutun makaranta, a je a duba gona. Hanyar ba ta da laifi muddin kana kan kwalta. Da zarar ka sauka ka kama ta ƙauye, da rani yashi ne da tsakuwa, da damina kuma laka mai riƙe taya. Duk da haka ban taɓa ganin motar nan ta bar Gombe da wurin da mutum zai miƙe ƙafa ba. Yara huɗu a baya, kuma kullum sai an samu ɗan wani ko 'yar wata da za a rage wa hanya, a ɗora a cinya. But ɗin cike da shinkafa da jarkar mai da sabulu da tsofaffin kayan sawa na rabo. A dawowa abin ya fi haka: masara, gyaɗa, kabewa, kaji ɗaure a ƙarƙashin ƙafafun yara. Akwai shekarar da surukata ta kafe sai mun tafi da akuya, muka taho da ita tana cin gefen ɗankwalin babbar 'yata har cikin gari. Ni ce mai faɗa a motar. Tun kafin Kumo nake juyawa ina rabon tsawa, wannan ya taka wancan, wancan ya shanye ruwan wannan. Baban yara kuwa sai dai ya riƙe sitiyari yana waƙar coci ƙasa-ƙasa, kamar ba 'ya'yansa ba.

Kafin mu kama hanya akwai wurin da ba ma wucewa. A bakin babban titin unguwarmu, ƙarƙashin wata bishiyar maina, akwai wani mai faci, Bafulatani dogo marar yawan magana, da injin iskarsa da sai ya yi ta tari kafin ya tashi. Baban yara zai tsaya, ya sauke gilashi, su gaisa, sannan ya ce:

"Gaba kamar kullum. Baya na lodi."

Iyakar maganar ke nan. Mai facin zai ja tiyonsa ya zagaya, ya duba tayoyin gaba, ya daɗe a na baya yana ƙara musu iska don su iya da nauyin da ke kansu. Yara har sun haddace. Idan muka doshi mainar sai su haɗa baki daga baya su riga ubansu faɗa, autana da harshensa bai gama nuna ba yana cewa "yodi".

Baban yara ya rasu bayan ya yi ritaya da kaɗan, ciwo na 'yan kwanaki. Muka kai shi gida aka binne shi kusa da mahaifinsa. Lokacin yara duk sun watse. Babbar tana aure a Abuja, mai bi mata tana Jos, na ukun aiki ya kai shi kudu, autan yana Legas yana wata sana'a da har yau ban iya faɗin sunanta ba. Suka zo, aka yi zaman makoki, suka koma. Aka bar ni da gida mai ɗakuna da yawa, da mota a tsakar gida, da makullinta rataye a ƙusa.

Ban koyi tuƙi ba sai da na yi furfura. Wani makwabci ne ya koya mini a filin makaranta, kuma ya sha faɗa, don ni malama ce, ban saba a ce mini na yi kuskure ba. Dalilina na koyo ba wani babba ba ne. Gajiya na yi da ganin motar a tsaye, ƙura ta rufe ta, kajin makwabta suna hutawa a ƙarƙashinta. Ran da na fara fita titi ni kaɗai ban ma san inda za ni ba. Sai kawai na ga na tsaya ƙarƙashin mainar nan. Mai facin ya taso, ya leƙo, ya sake yi mini gaisuwar rashi, sannan ya tsaya riƙe da tiyo yana jira. Ni kuwa duk abin da na sani game da taya a duniya bai wuce magana ɗaya ba.

"Gaba kamar kullum," na ce. "Baya na lodi."

Ya dubi kujerar baya. Babu komai a kanta sai jakata da laima. Ya ce, "To, Malama," ya zagaya ya yi aikinsa.

Haka muka ci gaba. Lokaci-lokaci in tsaya, in faɗi maganata, ya ce to Malama. Ba zan ce ban san ma'anarta ba, Hausa ce ba wani yare ba. Amma a bakina ta riga ta zama gaisuwa, irin "ina gajiya" da ba wanda ke tsayawa ya auna gajiyar. Kuma gaskiya ina jin daɗin faɗinta. A cikin duk maganganun baban yara, ita kaɗai ta rage wadda in an faɗa wani zai tashi ya yi aiki da ita.

Zirga-zirgata ba ta da yawa. Coci ran Lahadi, zumuntar mata a tsakiyar mako, kasuwa, asibiti in hawan jini ya motsa, wani lokaci Nasarawo wurin wata tsohuwar abokiyar aikina da ciwon ƙafa ya hana fita. Motar tana da wani hali da na ɗauka na tsufa ne: bayanta tsalle yake yi. Ko ɗan tudun nan na rage gudu da ke gaban makarantar unguwarmu na hau, sai bayan ya yi sama ya dawo da ƙara, laimar ta faɗo daga kujera. Ni kuma in balbale ta da faɗa. "Ke wai ba za ki nutsu ba? Da girmanki?" A motar dai ba ni da abokin magana sai ita.

Ana nan, wajen farkon damina, babbar 'yata ta kira ni.

"Mama, bana za mu zo hutu, ni da babansu da yara. Muna so mu je gida su ga kabarin kakansu. Ƙaramin ma bai taɓa zuwa ba."

Na ce Allah ya kawo ku lafiya, da irin muryar da nake amsa wa hedimasta. Da ta kashe wayar sai na zauna a bakin gado na rasa yadda zan yi da hannuwana. Jikokina uku ne a wurinta. A sanina jirgi suke hawa in za su zo Gombe, don 'yata ba ta son doguwar tafiya a mota. Nan take na tsara abina: mijinta ya tuƙa, ni a gaba inda na saba, ita da yaran a baya, but cike. Motar za ta cika kamar da. Allah ya yafe mini, wannan ne abin da na sa a rai, ya ma fi ziyarar kabarin. So nake in juya baya in yi tsawa.

Washegari na zagaya motar da idon mai shirin tafiya, na ga tayoyin nan ba inda za su kai mu. Na gaba sun tsattsage a gefe kamar diddigen manomi, na baya kuma sun yi sanƙo. Na kira mijin 'yata, don shi ne mai son harkar mota a dangi. Ban gaya masa dalilin sayen ba, so nake su zo su gani, shi ma bai tambaya ba.

"Mama, in za ki saya ki ce a ba ki ol sizin," in ji shi. "Kar ki yarda da wata."

Na sa ya maimaita, na ce mene ne kuma ol sizin. Ya ce taya ce mai yin kowane yanayi. Na ce to, mai rani da damina ke nan, da ka faɗa da Hausa da tuni mun gama. Autana da labari ya kai masa shi ma ya kira, ba don ya taya ni ba. "Momi, wannan motar fa ta gama aiki. Ki sayar ki huta, ga keke napep ko'ina." Na ce masa ranar da na buƙaci shawararsa zan sanar da shi.

Masu sayar da taya layi guda ne, shago jingine da shago, tayoyi jibge har bakin hanya, wasu naɗe da leda mai ƙyalli. Na daɗe ban shiga wurin da ni kaɗai ce mace ba. Na wuce shagunan farko saboda masu su sun fara kirana tun ban kashe mota ba, ni kuwa ba na son a ja ni. Na tsaya a na wani dattijo mai jan gemu da ke zaune kan taya yana ɓare goro. Daga harshensa na gane mutumin wajen Katsina ne.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Malama dai, Alhaji. Ni iyakar tafiyata Jos."

Ya yi dariya ya jawo mini kujera, amma bai fasa kirana Hajiya ba har muka rabu. Na ce masa taya nake so mai rani da damina, wadda surukina ya kira ol sizin. Tun kafin ya tashi idona ya riga ya faɗa kan wata da ke bakin ƙofa, mai manyan haƙora masu zurfi. Na ce ga irin wadda za ta iya da lakar ƙauyenmu.

"Wagga beljiyam ce," in ji shi, wato wadda aka yi amfani da ita a Turai aka kawo. Ya juyo da gefenta ya nuna mini wani ɗan zane na dutse da tauraron ƙanƙara a ciki. "Don sanyi aka yi ta. In kina so in ba ki, tana da sauƙi. Amma kwaltar Gombe da bazara sai ta lashe haƙoran nan kina kallo."

Na ce a bar ta wa masu ƙanƙara. Ya shiga ciki ya mirgino wasu sababbi guda biyu, ya tsayar a gabana. Ya nuna mini hanyoyin da aka zana musu don ruwa ya bi ya fita idan ana tafiya cikin ruwan sama, ya ce robar kuma tana jure zafi. Su ne ol sizin ɗin surukina. Ni dai a idona ba su da bambanci, sai da ya sa na matsa gefen kowace da babban yatsa. Ɗaya ta ɗan lotsa. Ɗayar ko gezau.

"Wagga mai laushin ta cikin gari ce, kasuwa, asibiti, gidan biki. Ba ta da ƙara, ba ta da jijjiga. Wagga kuma mai kaurin gefe ta masu ɗaukar nauyi ce da doguwar hanya. Duk biyun suna yin rani suna yin damina. Sauran magana tana wurinki, Hajiya. Mutum nawa motar ke ɗauka?"

"Cike take tafiya," na ce. "Har but."

Ban ji na yi ƙarya ba. Watan gobe nake nufi.

Ya fita ya duba lambar girman tayoyin da ke jikin motar. Ya tsuguna a ta baya, ya shafa ta da tafin hannu, ya sake shafawa, sannan ya kira ni. Ban taɓa kallon tayar nan da kyau ba sai ranar. Ashe sanƙon ba ko'ina ba ne. Tsakiyarta ce ta suɗe tas, amma gefe da gefe haƙoran suna nan kusan yadda aka saye su.

"Hajiya, ki canza mai faci. Wanga bai san aikinsa ba. Taya in iska ta fi nauyin da ke kanta, cikinta ke turowa, tsakiyar kaɗai ke taɓa ƙasa. Shi ya sa ta cinye nan ta bar nan. Ke da kika ce cike take tafiya, amma duk da haka ta yi haka? To iskar da yake dura mata ta motar buhuna ce. Ba ki jin bayan yana tsalle?"

Sai na ji raina ya ɓaci. Na ce masa mai facin nan yana duba motar nan tun shi bai san hanyar Gombe ba, kuma ba a taɓa samun sa da kuskure ba, in taya zai sayar mini ya sayar, in kuma wa'azi zai yi in je wani shagon. Bawan Allah ya ɗaga hannuwa ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

Ba da shi nake ba. Na sunkuya na shafa tayar da hannuna, na ji santsinta kamar kan baban yara in ya dawo daga aski, kuma na san sarai wanda ya sa aka dura iskar. Abin da ya taɓa ni shi ne, shekaru ina ce wa 'yan coci lafiya lau, ina ce wa yarana ba ni da matsalar komai, in yi kwalliya in shiga mota in fita kamar mai wurin zuwa. Ashe zaman kaɗaicin da nake ɓoyewa yana nan a tayar baya, duk wanda ya tsuguna zai gani. Da ba a cikin maza nake ba da na yi kuka.

Na miƙe na kakkaɓe zanina na ce mai kaurin gefen nake so, guda huɗu. Muka yi ciniki irin na tsofaffi, ba mai sauri a cikinmu, aka ɗaura su ina zaune. Sabuwar taya tana zuwa da wasu 'yan siraran gashi na roba a jikinta. Na ja ɗaya na ce wannan fa. Alhajin ya ce, "Tafiya ɗaya mai nisa za ta aske shi."

Daga shagon ban wuce gida ba, sai ƙarƙashin maina. Mai facin ya zagaya motar yana kallon sababbin tayoyi yana gyaɗa kai.

"Gaba kamar kullum, baya na lodi," na ce. Sai na ji na ƙara da cewa, "Wannan karon da gaske ne. Yara za su zo."

Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. "Allah ya kawo su, Malama," ya ce, ya ta da injinsa, ya daɗe a tayoyin baya.

Abin da na yi bayan nan, da autana ya ji da ya yi mini dariya har shekara. Na ajiye motar na koma hawa keke. Wai kada in ɓata tayoyin kafin tafiyar. Kowace safiya in fito in goge ta, in leƙa gashin nan in ga yana nan. Na yi niyyar sa a gyara ƙofar baya ta hagu, sai na fasa, na ce gara haka saboda ƙaramin, kada ya buɗe ana tafiya. Na sayi shinkafa da mai da sabulu, na tattara kayan sawa na rabo, na loda but tun da sauran mako. Na soya gyaɗa na zuba a kwalba don ci a hanya, har da tanadin jarkar ruwa ɗaya tak, don in sun yi biyu ba za a yi faɗa a kanta ba. Ina jiran 'yata ta kira ta faɗi lokacin saukar jirginsu.

Ba ta kira ba. Wata rana da la'asar na ji hon a ƙofar gida, wanda ban san shi ba. Na buɗe sai ga wata baƙar jif, doguwa, mai gilashi mai duhu, laka ta fantsama a gefenta. 'Yata ta sauko tana dariya.

"Mama, ba mu gaya miki ba ne don ki gani da idonki. Mun yi mota."

Na yi murna, kuma ba ta baki ba. Na dafa motar na yi addu'a, na rungume jikokina, na tsokani ƙaramin na ce angona ya zo bai kawo mini ko zani ba, uwarsa ta fassara masa da Turanci. Aka buɗe ƙofar gida duka biyu suka shigo da ita, aka ajiye ta kusa da ta baban yara. Daren farko gidan ya cika da hayaniya, na dafa abinci a babbar tukunyar da na manta inda murfinta yake. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka jif ta kawo su Gombe, ta gama nata.

Ran tafiya da safe na shirya, na zare makulli daga ƙusa, na miƙa wa surukina.

"A'a Mama, ai tamu za mu shiga. Ga wuri, ga sanyin esi, kuma hanyar nan laka ce yanzu." Sai idonsa ya kai kan tayoyin. Ya je ya ɗan buga ɗaya da ƙafa. "Kai, kin samu masu kyau kuwa. Ol sizin ɗin ne. Waɗannan za su daɗe miki."

"Na riga na loda but," na ce.

"Ba komai, Mama, yanzu za a kwashe."

Aka kwashe. Kayan da suka cika but ɗina suka shige lungu ɗaya na bayan jif, har da sauran wuri. Ni da nake da baki a kan kowa, ni da ban bar hedimasta ba ban bar mai taya ba, na tsaya da makulli a hannu ina neman abin faɗa. Me zan ce? Ku fito daga sanyi ku matsu a tsohuwar mota don in ji daɗi? Yaran ma sun riga sun shiga, an ɗaure ƙaramin a kujerarsa. Na koma ɗaki na mayar da makullin a ƙusa.

Suka ba ni gaba, don girmamawa. Da muka doshi maina na ga mai facin zaune a kan bencinsa. Ya ɗago ya bi jif ɗin da kallo kamar yadda yake bin kowace mota, bai gan ni ba saboda duhun gilashin. Na ce wa surukina ba za a duba iska ba? Ya nuna mini wani wuri a gaban sitiyari ya ce motar da kanta take faɗin iskar kowace taya.

Kafin Kumo na juya baya. Jiki ne ya saba. Kujeru layi biyu ne a bayan, kowane yaro da wurinsa, kowa da robar ruwansa, kowa da abin sauraro toshe a kunne, ido a kan waya. Ba wanda ya taka wani. 'Yata tana gyangyaɗi. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, kina son wani abu ne?" Na ce a'a. Na juyo na ci gaba da kallon hanya, kwalbar gyaɗa a cinyata.

Jif ɗin ta ratsa lakar ƙauyenmu ba tare da ta ko yi nishi ba. Muka je kabarin, aka cire ciyawa, aka yi addu'a, 'yata ta yi kuka, ni ma na yi. Dangi suka kawo masara sabuwar karya da kaji biyu. Surukina ya karɓi masarar, ya ba da haƙuri a kan kajin saboda kujerun mota. Ba mu kwana ba, don yaran ba su saba da sauro da rashin wuta ba. Kafin magariba muna Gombe.

Sun yi mini 'yan kwanaki, kuma sun kyauta mini, ba abin da zan ce. Sun cika mini ɗakin ajiya da abinci, surukina ya sa an gyara famfon bayan gida. Ran da za su tafi na tsaya a ƙofa ina ɗaga hannu ga gilashin da ba na ganin kowa a cikinsa. Na rufe ƙofar, na wanke babbar tukunya na kife ta. A tsakar gida ga shaidar manyan tayoyinsu a kan yashi, ga motar baban yara a inda take, gashin tayoyinta ko ɗaya bai faɗi ba.

Ran Lahadi na zare makulli. Ba sauran dalilin hawa keke. Da na fito titi sai na tsaya ƙarƙashin maina. Mai facin ya taso a hankali, shi ma tsufa ya fara kama masa gwiwa.

"Jam na, Malama?" ya gaishe ni da Fulatanci.

"Jam."

"Sun zo?"

"Sun zo. Sun koma."

Ya dubi tayoyin, ya ga gashin. Ya ɗauko tiyonsa ya tsaya a inda ya saba tsayawa, daidai gilashina, yana jira.

"Duk shekarun nan ka san ba lodi," na ce. "Kana gani tana cinye taya. Me ya hana ka gaya mini?"

Ya murza bakin tiyon.

"Ke kika ce akwai, Malama. Ba ni zan ce babu ba."

Na kalli titi. Keke suna wucewa cike da mata masu ankon coci, wani ɗan acaɓa ya ɗauko mutum da buhu.

"Gaba kamar kullum," na ce.

"Baya fa?"

"Baya ma kamar gaba."

Ya ajiye tiyon a ƙasa. Wannan aikin ba ya buƙatar inji. Ya zaro wata 'yar ƙusa daga aljihu, ya tsuguna a tayar baya, ya danna bakin da ake dura iskar. Na ji ta tana fita, siririyar ƙara mai tsawo. Ina zaune riƙe da sitiyari ina saurare. Ya auna, ya sake dannawa. Sannan ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka. Ban san iskar ta kai haka yawa ba.

Alhajin bai cuce ni ba, tayoyin masu kyau ne. Motar ta kwanta a kan titi lumui, ba tsalle ba ƙara. Da na zo tudun gaban makaranta na rage gudu, na hau, na kasa kunne. Laimar tana nan a kan kujera inda na ajiye ta. Har na isa ƙofar coci ban samu wanda zan yi wa faɗa ba.